Na'ura ta san mu, mu yaushe za mu san hukuma?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe, musamman mutanenmu na Jega da Aliero da Maiyama, da 'yan uwana na Birnin Malam.

Kwanan nan duk inda ka juya maganar ɗaya ce: a mayar da aikin gwamnati kan kwamfuta, a daina yawo da fayil daga tebur zuwa tebur, komai a yi shi ta intanet. Ni ban ƙi ba. Duk wanda ya taɓa zuwa ofis aka ce masa fayil ɗinsa ya ɓata, ko gara ta ci, ko mai riƙe da makullin ɗakin ajiya ya tafi ta'aziyya, ba zai ƙi wannan gyara ba. Amma akwai tambayar da take ci mini rai, ita nake so mu tattauna yau. Duk na'urorin nan da ake ta kawo mana, wa suke kallo?

Ku zo mu lissafa tare. A Fabrairun 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da BVN, aka ɗauki yatsunmu goma da hoton fuska. A zaɓen 2015 aka zo da katin zaɓe na dindindin da na'urar tantance shi, kuma ɗanmu ne, Farfesa Attahiru Jega, yake shugabancin INEC a lokacin. A shekarar ce JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. A Nuwamban wannan shekara Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da bashin manoman shinkafa na Anchor Borrowers, aka ce sai mai asusun banki da BVN. A Disamban 2020, lokacin Malam Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, aka ce duk layin wayar da ba a haɗa da lambar NIN ba za a rufe shi, kuna tune da irin layin da aka yi ana tsakiyar korona. Daga 2021 yaro ba ya rajistar JAMB sai da NIN. A 2023 BVAS ta duba yatsa ta duba fuska. A Nuwamban 2023 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da rajistar haihuwa ta na'ura a ƙarƙashin hukumar ƙidaya.

Ka ga ke nan dattijon da yake zaune a Birnin Malam ko Jandutsi ko Kimba, in dai yana da waya da katin zaɓe da asusun banki, ya dangwala yatsa aƙalla sau uku. Hukuma ta san sunansa, ta san sunan iyayensa, ta san lambar wayarsa, har tsawonsa an auna an rubuta.

To yanzu mu juya tambayar. Shi wannan dattijo me ya sani game da ƙaramar hukumarsa? Nawa aka turo mata watan jiya? Nawa ya tafi albashi? Ma'aikata nawa ke cikin takardar albashin, kuma nawa ne a cikinsu ake gani a bakin aiki? Nawa aka tara a kasuwa da tasha? Rijiyar burtsatsen da aka ce an haƙa a unguwarsu, wa aka ba kwangilar, a kan nawa? Ban da shi dattijon, ku da kuke karanta rubutun nan da babbar waya a hannu, wa zai iya amsa ko guda biyu a ciki?

Ƙidayar talaka ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin En'e, a nan ƙasar Gwandu da sauran masarautu, malamin haraji yana zuwa gari ya rubuta duk namijin da ya isa biya, a bi Fulani ruga-ruga a ƙirga shanu don jangali. Da alƙalami da tawada aka yi wannan aiki, kuma da wuya a tsallake mutum. Kakanninmu suna ajiye rasit ɗin haraji cikin aljihu kamar laya, don wanda aka tare a hanya ba shi da shi ya san sauran. Amma ba wanda ya taɓa zuwa gindin bishiya ya karanta musu yadda aka kashe kuɗin baitulmali. Tsoron da nake ji shi ne mu wayi gari mun sauya littafin malamin haraji da kwamfuta, hali kuma yana nan yadda yake.

Kada wani ya ɗauka ina cewa na'ura ba ta amfane mu ba. Ta amfane mu, kuma gaskiya a faɗe ta. Na'urar tantance kati ta rage ɗabi'ar nan ta mutum ɗaya ya kwashi katunan mutane ya dangwale. A 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma, manoma sun riƙa samun saƙo a waya su je su karɓi taki a kan rangwame, abin da a da sai ɗan gidan wane. Gwamnatin tarayya da bakinta ta sha faɗin dubban ma'aikatan bogin da ta cire bayan ta haɗa albashi da BVN. Ɗan fansho yana kwance a gida yake jin ƙarar alat. Dillalin albasa a Aliero yana loda mota zuwa kudu, kuɗinsa su shigo waya, ba sai ya ɗauro su a ƙugu ya bi hanya da fargaba ba. Duk wannan alheri ne.

Amma ku tuna abin da ya faru ranar 25 ga Fabrairun 2023. Ɓangaren na'urar da aka yi don ya tantance mu ya yi aiki a mafi yawan rumfuna, ka miƙa yatsa ko fuska ta gane ka. Ɓangaren da aka yi don mu mu ga sakamakon shugaban ƙasa yana hawa shafin IReV daga rumfa, shi ne ya tsaya, INEC ta ce matsalar na'ura ce. Ba shari'ar zaɓe na zo tayarwa ba, kotu ta gama da ita. Darasin kawai nake nunawa. In na'ura za ta duba talaka, ana tabbatar da ta yi aiki. In talaka ne zai duba hukuma, nan ne sabis yake ɗaukewa.

Sannan akwai wahalar da mutumin ƙauye yake sha wadda ba ta shiga lissafin masu tsara abin a Abuja. Na taɓa raka goggona wata tantancewa ta wani tallafi, ba zan faɗi wurin ba don ba shi ne abin nufi ba. Tsohuwa ce da ta yi rayuwarta tana sussuka da surfe da turara shinkafa, zanen yatsunta duk ya shafe. Yaron da ke kan na'urar ya ce, "Inna, goge hannunki." Ta goge. Ya ce ta hura masa iska, ta hura. Aka gwada babban yatsa, aka gwada manuni, har aka zagaye goman, abu ya ƙi. Sai ta dube ni ta ce, "Yatsun ga da su niy yi renon ubanka, yau su na wanga ƙarhe ka cewa bai sani ba?" Mutane suka yi dariya, ni kuwa abin bai ba ni dariya ba. Mai unguwarsu ya san ta, limamin garin ya san ta, rabin mutanen da ke kan layin sun san ta. Amma ba wanda yake da ikon cewa ita ce. Kuɗin mashin zuwa da dawowa sau biyu, da yinin da aka rasa, duk daga cikin tallafin da bai ma zo hannu ba.

Ga kuma rikicin suna. Yaro ɗaya, a takardar firamare Muhammadu, a sakamakon sakandare Mohammed, a banki Muhammad. Wani an sa masa sunan gari a matsayin sunan mahaifi, wani an juya masa na farko ya koma na ƙarshe. Ranar haihuwa kuwa, je ka duba yawan mutanenmu da aka rubuta wa 1 ga Janairu, don mai cike fom ɗin ya gaji da tambaya. Lokacin takarda, malamin ofis yana duba fuskarka ya gane kai ne. Kwamfuta harafi ɗaya ya bambanta ta ce ba kai ba ne. Daga nan sai kotu a yi rantsuwa, sai kafe a cike fom, sai biyan kuɗin gyara, sai jira. Yara nawa muka sani da suka rasa shekarar karatu a kan harafi ɗaya?

Shi ya sa in aka ce an kawar da ɗan tsakiya, nakan ce a'a, an dai sauya masa kujera. Da yana bakin ƙofar ofis, yanzu yana shagon kwamfuta ko ƙarƙashin lemar POS. Ban zargi yaran nan ba, sana'a suke yi, da yawansu ma suna taimakon tsofaffi don Allah. Amma aikin da aka ce kyauta ne a shafin gwamnati, kafin ya iso hannun mutumin Birnin Malam ya zama na kuɗi: kuɗin mota, kuɗin data, kuɗin firintin, kuɗin "a taimaka a yi sauri". Mun ga ƙarshen abin a farkon 2023 da aka canza takardun 200 da 500 da 1,000, aka ce kowa ya koma tiransifa. Mutane suka riƙa sayen naira da naira, manomi ya karyar da buhunsa don kawai mai saye yana da tsabar kuɗi, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. Wanda ya tsara abin yana da banki a bakin titinsu. Mu fa?

Dalilin da ya sa na ga maganar ta zama ta gaggawa shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024. Kotu ta ce kuɗin ƙananan hukumomi 774 a riƙa tura musu kai tsaye daga asusun tarayya, gwamnoni su daina riƙe su da sunan asusun haɗaka, kuma ba a yarda da kantomomin riƙo ba sai zaɓaɓɓu. Kowa ya yi murna, duk da cewa aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Kason ƙananan hukumomi a rabon asusun tarayya kashi 20.6 ne cikin 100, ba ƙaramin kuɗi ba ne, Jihar Kebbi kuma tana da ƙananan hukumomi 21. To a ce gobe kuɗin sun fara sauka kai tsaye a Jega da Aliero da Maiyama. In ba mu da hanyar ganin inda suke tafiya, me ya canza? An dai ɗauke tukunya daga wannan ɗaki an kai wancan, murfin yana rufe.

Abin da ya shigo ba ɓoyayye ba ne. Tun zamanin Obasanjo, lokacin Ngozi Okonjo-Iweala tana ministar kuɗi, aka fara buga kason kowace jiha da ƙaramar hukuma a jaridu, har yau kuma ana fitar da alƙaluman rabon wata-wata a intanet. Daga 2018, ƙarƙashin shirin SFTAS na Bankin Duniya, jihohi suka shiga sa kasafin kuɗinsu a shafukansu. Sai dai da Turanci ne, shafi ɗari-ɗari, cike da lambobin da sai akanta. An buɗe ƙofa ta inda mai gida ba zai iya shiga ba. Abin da ya fita kuwa, a matakin ƙaramar hukuma, nan ne duhun yake.

Don haka ni a nawa ganin, in da gaske ake son zamanantar da ƙaramar hukuma, daga littafin kuɗinta za a fara, kafin a sake kiran talaka ya kawo yatsa.

Na farko, duk ƙarshen wata ciyaman ya fitar da shafi ɗaya tak da Hausa: ga abin da ya shigo daga tarayya, ga abin da muka tara a gida, ga albashi, ga ayyukan da aka biya da sunan gari da sunan ɗan kwangila da kuɗin. A sa a Facebook, a liƙa a allon sakatariya da ƙofar fadar hakimi, da boko da ajami. A karanta shi da murya a tura WhatsApp, a karanta a rediyo. Wannan ba ya bukatar kwangilar miliyoyi, waya ɗaya ta isa. In aka rubuta an gyara ajin makaranta a Birnin Malam, mutanen Birnin Malam za su taka su je su duba. Gani ya kori ji.

Na biyu, kuɗin kasuwa da tasha da kwata. Tsarin mulkin 1999 ƙananan hukumomi ya ba kula da su. Kasuwar Jega tun kafin zuwan Turawa sunanta ya kai nesa, albasar Aliero kuwa har ƙetare ake fita da ita. Duk buhun da aka sauke, duk motar da ta yi lodi, duk dabbar da aka sayar, akwai abin da ake karɓa. Nawa ne a wata? A ba masu karɓa ƙaramar na'ura mai fitar da rasit mai lamba, kuɗin su wuce asusun hukuma kai tsaye, a rubuta jimillar ranar kasuwa a allo kowa ya gani. Amma da sharaɗi: ranar da aka fara wannan, ranar za a fara nuna abin da aka yi da kuɗin. In ba haka ba, an ƙara wa mai karɓa kaifi ne kawai, ɗan kasuwa yana nan cikin taɓo da damina.

Na uku, a kawo teburin kusa. Kebbi tana da mazaɓu 225. Me zai hana kowace mazaɓa ta sami ɗaki ɗaya, ko a asibitin sha-ka-tafi ko a makarantar firamare, da sola da kwamfuta da firinta da ma'aikaci ɗaya ɗan garin? Nan za a yi rajistar haihuwa, nan za a nemi takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, nan za a cike fom ɗin tallafi, farashin kowane aiki a rubuce a bango da manyan baƙaƙe. Ruwanda ta fara irin wannan a 2015 da shafinta na Irembo, kuma da yake sun san ba kowa ke da waya ko karatu ba, sai suka baza wakilai a garuruwa masu cike wa mutane. Mu da muke da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, tana yaye yaran da suka karanta kwamfuta suna zaune ba aiki, ba mu da uzurin cewa babu masu yi.

Takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma ma kaɗai ta isa misali. Duk mai neman makaranta ko aikin soja ko ɗan sanda sai ya nemo ta. Yau sai ka bi ta wurin mai unguwa da hakimi, ka je sakatariya, a ce mai sa hannu ya tafi Birnin Kebbi taro, ka dawo jibi. In da rajista ɗaya ce a kwamfuta, mai lamba, wadda makaranta ko barikin da ka kai wa za su iya dubawa su tabbatar, da an huta da jabu, an huta da sintiri, wanda takardarsa ta ɓata ko ruwa ya ci a sake buga masa cikin minti biyar.

Na huɗu, kada a toshe ƙofar mutum. Duk tsarin da za a kawo, a bar hanyar da in na'ura ta ƙi yatsan tsohuwa, shaidar mai unguwa da limami a rubuce za ta wadatar, wanda ya yi shaidar ƙarya kuma a hukunta shi. A kuma ajiye kwafin takarda. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba sabis, abin ya taɓa wasu ƙananan hukumomin Sakkwato da Katsina. Maƙwabtanmu ne, ba labarin wata duniya ba. In duk aikin hukuma yana kan intanet, ranar da aka ɗauke sabis hukuma ta tafi hutu ke nan.

Na biyar, amanar bayananmu. An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, amma har yau za ka ga kwafin takardun mutane da hotonsu da lambarsu zube a shaguna, wani lokacin har a ƙunsa maka ƙosai a ciki. Kullum sai an kira wani dattijo an ce daga banki ne, a faɗa masa sunansa da ranar haihuwarsa daidai, ya yarda ya karanto lambar da aka turo masa, a kwashe ɗan abin da ya tara. Wanda ya karɓi yatsana da lambata, amana ya karɓa, ya kamata a san wanda za a kama in ta fita.

Na san abin da wasu za su ce. Za a ce mutanen ƙauye ba su iya karatu ba, ko an liƙa ba za su gane ba. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama kusa da dillalin albasa yana lissafin mota guda da ka ba, bai kuma ga uwar adashe tana riƙe da zubin mata talatin ba tare da ta ɓatar da ko sisi ba. Mutanenmu sun iya lissafi, ba a dai ba su alƙaluman ba ne. Za a ce wannan tonon asiri ne, ko 'yan adawa ne suka sa ni. Wallahi ba ruwan maganar nan da jam'iyya. Ciyaman mai gaskiya ma shi ya fi kowa cin riba, don yau ko ya yi aiki ko bai yi ba, a majalisar shayi ɓarawo ake kiransa. In kuɗin ba su iso hannunsa ba, takardar za ta nuna ba su iso ba, a san inda za a kai kuka. In albashi ya cinye, a gani. Shafi ɗayan nan kariya ce gare shi.

Mu ma akwai namu. Mu je mu yi wa 'ya'yanmu rajistar haihuwa tun suna jarirai, mu tsaya a rubuta suna daidai, iri ɗaya a ko'ina. Ku matasa masu waya, kafin kakarku ta hau mashin zuwa gari, ku bincika mata ko ana aikin ranar, da takardun da ake bukata. Kada kowa ya karanta wa wani lambar da banki ya turo masa, ko da ya ce shi manaja ne.

Sannan abu ɗaya nake roƙon duk wanda ya karanta ya yi a satin nan. Kansilanka ba baƙo ba ne, tare kuke sallar Juma'a, kun san gidansu. Ka same shi cikin mutunci, ba da faɗa ba, ka ce: "Ranka ya daɗe, nawa aka turo wa ƙaramar hukumarmu watan jiya, kuma me aka yi wa mazaɓarmu da shi?" In ya sani, alhamdu lillahi, ka zo ka faɗa mana. In bai sani ba, ka roƙe shi ya tambayo a zaman majalisarsu. Mutum ɗaya in ya tambaya za a ce fitina ce. In aka sami mutum hamsin a kowace mazaɓa suna tambaya duk wata, dole a fara shirya amsa.

Mutanen Aliero da Maiyama, ku faɗa mana yadda abin yake a wajenku, wataƙila akwai inda aka riga aka fara mu koya. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma Ya ba mu ƙarfin halin tambaya. Allah Ya zaunar da Jihar Kebbi da Nijeriya lafiya, amin.